Mene ne katin tabar wiwi ta magani?

A labaran Amurka ana yawan ambaton katin tabar wiwi ta magani. Shaida ce da gwamnatin jiha ke bai wa majinyaci domin ya sayi wiwi a shagunan da ke da lasisi ba tare da 'yan sandan jihar sun kama shi ba. Kalifoniya ce ta fara halatta wiwi don magani a 1996, kuma yanzu fiye da jihohi 35 sun bi sahu.

Mai nema zai fara zuwa wurin likita ya tabbatar yana fama da ɗaya daga cikin cututtukan da jiharsa ta amince da su, kamar kansa, farfaɗiya ko ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Shawara kawai likitan ke rubutawa, ba takardar magani ba, domin dokar tarayya ta 1970 ta sanya wiwi cikin haramtattun ƙwayoyi. Daga nan sai a cike fom, galibi ta intanet, a haɗa da shaidar zama a jihar, a biya kuɗi. A jihohi da dama, duk shekara ake sabunta katin.

To, sai dai ikonsa bai wuce na jiha ba. Baƙon da ke zaune a Amurka da biza na iya jefa takardunsa cikin haɗari idan ya yi amfani da wiwi, ko da yana da katin, tunda shige da fice hurumin tarayya ne. A filin jirgin saman Kano ko Legas kuwa, katin ba zai hana jami'an hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA kama mai ɗauke da wiwi ba.