Yadda Ake Haɗa Wasan Diplomacy a Intanet Ba Tare da Ya Watse a Hanya Ba

A watan Nuwamba na 2022 kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya sanar da wata ƙirƙirarriyar basira mai suna CICERO. An saka ta a wasanni 40 tare da mutane a shafin webDiplomacy, ta yi ta tura musu saƙonni tana ƙulla yarjejeniya da su, har ta shiga cikin kashi 10 cikin 100 na sama a jerin waɗanda suka buga fiye da wasa ɗaya. Daga wannan labari ne da yawa daga cikinmu suka fara jin sunan wasan Diplomacy.

Buɗe wasan a intanet abu ne na minti biyar. Wahalar tana wajen riƙe mutum bakwai su zauna har ƙarshe, kuma wannan aiki ne na mai haɗa wasan, ba na manhaja ba.

Wane irin wasa ne?

Wani Ba'amurke mai suna Allan Calhamer ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1950, ya buga kwafi 500 da kuɗinsa a 1959. Ana buga shi a kan taswirar Turai ta kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma ana farawa daga shekarar 1901. Ƙasashe bakwai ne: Ingila, Faransa, Jamus, Italiya, Ostiriya-Hangari, Rasha da Turkiyya. Kowane ɗan wasa yana riƙe da ɗaya.

A taswirar akwai wurare 34 da ake kira cibiyoyin guzuri. Yawan cibiyoyinka shi ne yawan rundunonin da za ka iya riƙewa, na ƙasa ko na ruwa. Rasha tana farawa da huɗu, sauran kowa uku, sannan akwai 12 da ba na kowa ba, irin su Beljiyam da Girka. Duk wanda ya mallaki 18 ya ci wasan.

Ba a jefa ɗan ludo, ba a raba kati. Haka kuma ba kamar dara ba ne, inda kake jiran abokinka ya taka kafin ka taka. Kowa yana rubuta umarninsa a ɓoye, sai a bayyana su gaba ɗaya. Umarnin iri huɗu ne: runduna ta tsaya, ta matsa, ta mara wa wata baya, ko jirgin ruwa ya ƙetarar da sojan ƙasa.

Duk rundunonin ƙarfinsu ɗaya. Idan Faransa ta tura soja daga Paris zuwa Burgundy, Jamus ma ta turo daga Munich, babu mai shiga, kowa ya koma inda ya fito. Amma idan sojan Faransa na Marseilles ya mara wa na Paris baya, biyu sun fi ɗaya, Faransa ta shige. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma naka rundunonin ba za su ishe ka ba, dole ka nemi maƙwabci. Shi kuma maƙwabcin yana iya yi maka alkawari da safe, ya rubuta akasin haka da dare. Dokar wasan ba ta hana shi ba.

A ina za a buga?

Tun 1963 ake buga wasan nan daga nesa, ta hanyar wasiƙar gidan waya, inda mutum ɗaya ke karɓar umarnin kowa ya fitar da sakamako. Yanzu manhaja ce ke yin wannan alƙalanci. Shafukan da aka fi sani su ne Backstabbr, webDiplomacy da PlayDiplomacy, kuma duka ana iya fara wasa a kansu kyauta daga burauzar waya.

Backstabbr ya fi sauƙin gani ga sabon shiga, kuma yana da filin gwaji inda za ka jera rundunoni ka ga abin da zai faru kafin ka aika umarni. Shi kuwa webDiplomacy, rubutun manhajarsa a buɗe yake a GitHub, an rubuta yawancinsa da PHP. Mai sha'awar rubuta manhaja ya leƙa ɓangaren alƙalancin, domin akwai darasi a ciki: wani lokaci nasarar umarni na farko ta dogara da na biyu, na biyun kuma ya dogara da na farkon. Saboda irin wannan sarƙaƙiya aka tanadi jerin gwaje-gwaje mai suna DATC da ake auna duk wani sabon alƙali da shi.

Tunda abokai ne za su buga, a buɗe wasa na sirri wanda sai da kalmar shiga ko goron gayyata. Kowa kuma ya yi amfani da asusunsa. Mutum ɗaya ya riƙe ƙasa biyu babban laifi ne a waɗannan shafuka, ana rufe asusu a kansa.

Nemi mutum tara, ba bakwai ba

Abin da ya fi kashe wasa shi ne mutum ya ɓace. Idan wa'adi ya cika ɗan wasa bai aika komai ba, rundunoninsa za su tsaya cak, babu mai mara wa wani baya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ce mai riƙe da Ostiriya ne ya daina leƙowa: Italiya da Rasha da Turkiyya za su raba cibiyoyinsa a ɓagas, su yi ƙiba, yayin da Ingila da Faransa da ke can yamma ba su samu komai ba. Mutum ɗaya ya tafi, amma ya ɓata wa shida lissafinsu na mako biyu.

Don haka tun farko ka tanadi mutum biyu 'yan ko-ta-kwana. Ka kuma faɗa wa kowa cewa ko da cibiya ɗaya ta rage masa, ana bukatar ya ci gaba. Sau da yawa runduna ɗaya tilo ce ke hana babba kai wa 18.

Lissafin lokaci

A zaune gaba da gaba, dokar wasan ta ba da minti 30 na tattaunawa kafin zagayen farko, minti 15 a sauran, kuma wasan kan cinye yini. A intanet kai ne za ka zaɓi tsawon kowane mataki.

Kowace shekara ta wasan tana da matakai har biyar: motsin bazara, ja da baya, motsin kaka, ja da baya, sai ƙari ko ragin rundunoni. Idan ka ba kowane mataki awa 24, shekara ɗaya za ta iya cin kwana biyar. Wasan da ya kai ƙarshen 1908 zai iya ɗaukar kwana 40. Ka faɗa wa mutane wannan adadi kafin su ce sun yarda. Ana rage shi idan aka kunna zaɓin da ke sa wasa ya wuce gaba da zarar kowa ya nuna ya gama.

Ga wanda ke fama da ɗaukewar wuta ko sabis mai zuwa yana tafiya, wasan minti biyar-biyar tarko ne. Awa 24 ta fi, ko 48 idan akwai masu aiki da ɗalibai. A sa wa'adin ya riƙa cika a lokacin da kowa ke a farke, misali bayan sallar isha'i. Idan 'yan wasan ba ƙasa ɗaya suke ba, a tuna cewa ƙarfe 9 na dare a Kano da Yamai, ƙarfe 8 ne a Kumasi, 10 a Khartoum, 11 a Jidda. Shawara ɗaya ga kowa: ka aika umarnin wucin gadi da wuri, kana iya sauya shi kafin wa'adi. Idan caji ya ƙare, aƙalla ba a same ka hannu rabbana ba.

Inda za a yi magana

Ya fi kyau duk wani ƙulle-ƙulle ya kasance a akwatin saƙon da ke cikin shafin. Rukunin WhatsApp a bar shi don sanarwa da tunatarwa. Dalili shi ne, da zarar an koma kiran waya da haɗuwa a majalisa, waɗanda ke unguwa ɗaya sun fi na nesa dama.

A yanke magana kan hoton allo tun kafin a fara. Idan an yarda mutum ya ɗauki hoton saƙon wani ya nuna wa na uku, babu sauran sirri, kuma ƙirƙirar hoton bogi ba wuya. Mafi sauƙi a hana. Wanda ke son kai gulma ya kai da bakinsa, mai ji ya auna.

Idan duk sababbi ne, a fara da gajeren wasan da ba a magana a cikinsa, wanda ake kira Gunboat, don kowa ya saba da rubuta umarni.

Maganar cin amana

Wannan ce ta fi raba abokai, kuma gara a tattauna ta a fili. Wasan ya ba da damar saɓa alkawari, kuma duk wanda ya zauna ya san da haka. Amma akwai iyaka. Kada wanda ya rantse da Allah a kan motsin runduna, kada kuma a nemi wani ya rantse. Kada a sa kuɗi, don kada ya zama caca. Kada a shigo da abin waje ciki, irin su bashi ko girman yaya da ƙane. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da wasan ba, a ƙyale shi, kada a matsa masa don cike gurbi.

Sababbi kan ɗauka mai yawan ƙarya ne ke cin wasa. Ramin ƙarya ƙurarre ne a nan ma. Wanda ya yaudari maƙwabtansa a 1901 kan cibiya ɗaya, zuwa 1903 babu mai mara masa baya, kuma babu mai kai wa 18 shi kaɗai. Gwanaye sun fi faɗin gaskiya, ko su yi shiru.

Yadda za a rufe

Ba kowane wasa ke ƙarewa da mutum ɗaya a sama ba. Sau da yawa waɗanda suka rage sukan haɗa kai su tare mai ƙarfi, sai a kaɗa ƙuri'ar canjaras. Kana iya kuma sa iyaka tun farko, a ce wasan zai tsaya a ƙarshen 1908, mai cibiyoyi mafi yawa shi ne na ɗaya.

Akwai al'adar da ta daɗe a tsakanin masu wannan wasa: bayan an tashi, kowa ya rubuta abin da ya shirya da dalilin da ya sa ya juya wa wane baya. Kada ka tsallake ta. A nan ne wanda aka yaudara ke gane lissafi ne ba ƙiyayya ba, a nan ne kuma za ka san ko mutanenka za su amsa gayyata ta biyu.