Maganin tsufa: a tukunya yake ko a kwalba?

Ƴan uwa mata, a kasuwanninmu masu tallar magani sun yawaita. Wannan ya ce ƙwayarsa tana wanke jini, wancan ya ce tasa tana mai da tsohuwa yarinya. Kafin mu taɓa kuɗin asusu ko ribar sana'a, ya kamata mu san abin da ke tsufar da jiki.

Jikinmu an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. A cikinsu akwai wasu ƴan murahu da likitoci ke kira mitokondiriya. Nan ne tuwon da muka ci ke haɗuwa da iskar da muka shaƙa, ya zama ƙarfin daka da ɗaukar ruwa. To amma wace wuta ce ba ta tartsatsi? Waɗannan murahu ma suna fitar da nasu, kuma in ya yi yawa sai ya riƙa cin jiki sannu a hankali, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, ko yadda ɓararren goro ke sauya launi in ya sha iska. Masana sun gano wannan ɓarna tana da hannu a ciwon suga, ciwon zuciya da yanar ido.

Allah da ikonsa, jiki yana da nasa masu kashe tartsatsin, abinci kuma yana ƙara masa wasu: bitamin C na ɗan kuka, lemo da gwaba, bitamin E na gyaɗa da riɗi, da sinadaran da ke ba zogala, karas, mangwaro, soɓo da jar albasar Galmi launinsu.

To me zai hana a sha su a ƙwaya, a huta? An gwada. A ƙasar Finlan an bi maza masu shan taba sama da 29,000, aka ba wasunsu ƙwayar sinadarin da ke cikin karas. Da sakamako ya fito a 1994, sankarar huhu ta fi kama waɗanda suka sha. Abin da ke amfani a cikin ganye, in an ware shi an tula, yana iya zama cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ganye da ƴaƴan itace take cewa mu ci, aƙalla giram 400 kowace rana. Amma a kula: ƙwayar ƙarin jini ta awon ciki da bitamin A na yara da ake bayarwa a asibiti, waɗannan kar mu bari.

Sauran aikin a madafa yake. Ganye in ya daɗe yana tafasa, bitamin C ɗinsa ya tafi, don haka a sauke da wuri, a yanka tumatir da albasa ɗanye a kan kwaɗo. Ƙuli-ƙuli da ɗan man da muke sawa suna taimaka wa jiki ya ɗauki amfanin ganyen. Zogala a shanya ta a inuwa. Masu suyar ƙosai, man da ya yi baƙi yana hayaƙi ya riga ya lalace, a canza shi. Hayaƙin icce ma yana ƙara tartsatsin nan a huhu, gara mu yi girki inda iska ke wucewa.

Tsufa kam ba makawa, amma a tsufa da ƙarfi ya fi. A zaman asusu mai zuwa mu tattauna: ingantaccen murhu, ko ƴar gonar zogala ta ƙungiya, wanne za mu fara?