Yaƙi da Ciwon Daji: Abin da Jihohinmu Za Su Koya Daga Kebbi

A garuruwanmu da yawa, idan mace ta ji ƙululu a mamanta, ba asibiti take fara nufa ba. Za a ce mata daji ne, daji kuwa ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Sai a shiga jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, wani lokaci har wanzami ya yi mata sakiya. Ba za a kai ta gaban likita ba sai maman ya fashe yana ruwa, cutar ta riga ta bazu zuwa huhu ko ƙashi. Idan ta rasu, sai a ce ai dama an faɗa, allura ce ta kashe ta. Gaskiyar magana kuwa, jinkiri ne ya kashe ta.

Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya ya nuna cewa a 2022 sama da mutum 120,000 ne suka kamu da cutar a Najeriya, kusan 80,000 kuma suka mutu. Sankarar mama ce kan gaba, sai ta mafitsarar maza da ta bakin mahaifa. Akasarin waɗannan ana iya warkar da su idan an gano su da wuri.

Ganowa da wuri kuwa ya fi ƙarfin asibiti guda, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ungozoma ce za ta fara ankarar da mace, ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi ta duba ta, babban asibiti ya yanki ɗan nama a auna, sannan asibitin koyarwa ya yi tiyata ko gashi da na'ura. Idan ɗaya daga cikinsu ya yi sake, maras lafiya ta ɓace a hanya. Gwamnatin jiha ce kaɗai ke da ikon haɗa su wuri guda.

Abin da Kebbi ta gwada ke nan. A zamanin gwamna Atiku Bagudu, jihar ta fitar da tsarinta na yaƙi da ciwon daji na 2019 zuwa 2023, ta buɗe rajistar masu cutar, ta kuma ware asusun tallafa wa marasa galihu. Uwargidansa, Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, likitar yara wadda ta kafa gidauniyar Medicaid, ita ce ta tsaya kai da fata a kan lamarin. A 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar UICC mai yaƙi da ciwon daji a duniya, 'yar Afirka ta farko da ta kai wannan matsayi.

Rajista ba ƙaramin abu ba ce. Ita ke nuna wa hukuma wace sankara ta fi yawa, daga wace ƙaramar hukuma cikin 21 na jihar marasa lafiya ke fitowa, kuma a wane mataki suke isowa. Ba tare da ita ba, kasafin kuɗi sai ya zama lalube cikin duhu.

Inda aikin jiha ya fi saurin haifar da ɗa mai ido shi ne sankarar bakin mahaifa. Ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa ta, kuma takan ɗauki shekara 10 zuwa 20 kafin ta rikiɗe ta zama daji. A cikin wannan tazara, ma'aikaciyar jinya za ta iya shafa ruwan khal a bakin mahaifa. Wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari, a ƙone shi da ƙaramar na'ura cikin 'yan mintoci, matar ta koma gida ranar. Ga kuma rigakafin HPV da Najeriya ta fara yi kyauta a watan Oktoban 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kuma Kebbi na cikin jihohin rukunin farko. Amma uba ba zai miƙa 'yarsa ba sai ya ji daga bakin wanda ya yarda da shi. A nan ne masarautun Gwandu, Argungu, Yauri da Zuru, da limaman Juma'a, da malaman Islamiyya suke da rawar da likita ba zai iya takawa ba.

Sauran aiki shi ne na masu jinya da waɗanda suka tsira daga cutar. Mai buƙatar gashi daga Yauri ko Zuru sai ya yi doguwar tafiya zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ya yi makonni a can da mai jinyarsa. Kafin ya dawo an sayar da gona, an sayar da shanun huɗa. Matar da aka cire wa mama kan dawo da hannu a kumbure, gashin kanta ya zube, jarinta ya ƙare, wata ma mijin ya juya mata baya. Tana buƙatar a ci gaba da duba ta lokaci-lokaci, a koya mata motsa hannun, a ba ta jari, a haɗa ta da 'yan uwanta da suka bi wannan hanya. Kuma babu mai wayar da kai kamarta: idan ta miƙe a taron suna ta ce an yi mata aiki ga ta da rai, ta rushe camfin allura fiye da kowace sanarwar rediyo.

Haɗarin da ke tattare da irin wannan yunƙuri a ƙasarmu shi ne yakan rataya a wuyan mutum ɗaya, ya tafi da tafiyarsa. Don haka wajibi ne majalisun jihohi su mayar da shi doka, a ba shi kaso tsayayye a kasafin kuɗi, a sa gwaji da magani cikin tsarin taimakekeniyar lafiya. Ke kuma 'yar uwa, idan kin ji ƙululu ko kin ga jinin da ba na al'ada ba, ki tafi asibiti cikin makon nan. Kai kuma maigida, ka raka ta.