Buddha Mai Mita 71 a Bakin Kogi

Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Abuja ya san Dutsen Zuma, kusa da Madalla, da siffar nan mai kama da fuskar mutum da ke jikinsa, wadda babu hannun ɗan Adam a cikinta. A garin Leshan na lardin Sichuan a ƙasar Sin kuwa, mutane ne suka sassaƙe gefen dutse sukutum har ya zama Buddha a zaune. Tsayinsa mita 71, kunnensa kaɗai mita 7.

Wani malamin addinin Buddha, mai suna Haitong, shi ya soma aikin a shekarar 713, zamanin daular Tang. Ba a kammala ba sai 803, bayan ya daɗe da rasuwa. A gindin dutsen ne koguna uku suke haɗuwa, Min da Dadu da Qingyi, ruwan ya yi ta kifar da jiragen fatake. Haitong ya yi imani cewa siffar za ta kwantar da shi. Ruwan dai ya lafa, sai dai masana sun danganta hakan da tulin duwatsun da aka farfasa aka zuba cikin kogin. Masassaƙan ma ba su yi aikin gaggawa ba, domin sun ɓoye magudanan ruwa a cikin gashin kansa da bayan kunnuwansa da ninkin rigarsa, don kada damina ta cinye shi.

Amma kada girma ya ruɗi mai karatu. Wuraren da mabiya addinin suka fi tsarkakewa huɗu ne: Lumbini a Nepal, inda aka haifi Buddha, sai Bodh Gaya da Sarnath da Kushinagar a Indiya. A Bodh Gaya, bishiyar da zuriyarta ke komawa ga wadda ya zauna ƙarƙashinta ita masu ziyara ke nufa. Ƙaton mutum-mutumin Buddha da ke garin sai a 1989 aka ƙaddamar da shi. Mabiyan farko ma sun shafe ƙarnuka ba sa zana surarsa, sai sawun ƙafa ko kujerar da ba kowa a kai.

Manyan mutum-mutumin zamanin nan kuwa, a ganina, akwai gasa da neman kuɗin 'yan yawon buɗe ido a cikinsu. Japan ta tsayar da na Ushiku mai mita 120 a 1993, Sin ta zarce shi da mai mita 128 a lardin Henan a 2008.