Dodon-koɗi da tsargiya a bakin ruwan Doma

Madatsar ruwa ta Doma, a Jihar Nasarawa, abin alheri ce ga masunta da manoman rani. Sai dai ruwa mai kwanciya da ciyayi a bakinsa shi ne mazaunin da wani ɗan ƙaramin dodon-koɗi, wanda masana ke kira Bulinus, ya fi so. Ba ya cizo, ba a cin sa, amma ba don shi ba da tsargiya ba ta yaɗu ba.

Idan mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsa na fita tare da fitsarin ya ƙyanƙyashe. Abin da ya ƙyanƙyashe ba ya iya kama mutum sai ya fara shiga cikin dodon-koɗi. Can yake hayayyafa na 'yan makonni, sannan dubban 'ya'yan tsutsa da ido ba ya gani su watsu cikin ruwa. Yaro mai iyo, mace mai wanki, masunci mai jan taru, duk ta fata tsutsar ke shiga jikinsu, ba sai sun sha ruwan ba. Tsutsar kan girma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ta yi shekaru tana zuba ƙwai. Ƙwan ne ke ji wa mafitsara rauni, jini ya riƙa biyo ƙarshen fitsari.

Abin takaici, har yanzu a wasu ƙauyuka ana ɗaukar wannan jini alamar balaga ga ɗa namiji. Ciwo ne, wanda in an bar shi yana iya lalata ƙoda, ya kawo sankarar mafitsara, ga mata kuma ya taɓa mahaifa.

Madatsar ruwa na iya ƙara yaɗa cutar; Senegal ta ɗanɗana kuɗarta. Bayan kammala madatsar Diama a 1986, jatan-landen da ke cin dodon-koɗi ya kasa hawowa kogi, dodon-koɗi ya yi yawa, nau'in cutar mai kama hanji ya ɓarke a garin Richard Toll.

Tun 1999 Cibiyar Carter ta haɗa hannu da ma'aikatun lafiya na Filato da Nasarawa wajen raba maganin praziquantel, musamman ga 'yan makaranta. Maganin na kashe tsutsar da ke jiki, amma dodon-koɗi na nan a ruwa, kuma yaron da ya warke yana iya sake kamuwa idan ya koma iyo. Saboda haka ƙauyukan bakin ruwa na buƙatar masai da rijiyar burtsatse. Iyaye kuma, duk yaron da aka ga jini a fitsarinsa, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.