Yadda Ake Jagorantar Taro Mai Amfani

Yawancinmu mun taɓa zama a taron da aka fara bayan sujada, aka tashi da almuru, ba a yanke kome ba. Mutane sun bar gona da shago sun zo, sun koma gida da gajiya, wasu har da ɓacin rai. Idan haka ta yi ta faruwa, masu basira sukan daina zuwa, a bar shawara a hannun masu ƙarfin murya.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. A shekarar 1863 aka roƙi wani injiniyan sojan Amurka, Henry Martyn Robert, ya shugabanci taro a wata majami'a a garin New Bedford. Taron ya gagare shi, ya ji kunya ƙwarai. Sai ya duƙufa da bincike, a 1876 ya wallafa littafin ƙa'idodin taro wanda ƙungiyoyi da yawa ke bi har yau. Ashe jagorancin taro abin koyo ne.

A kamfanoni akwai ma'aikacin da ake kira mai nazarin harkokin aiki. Idan za a kawo wani canji, shi ke tara waɗanda abin zai shafa, ya gano ainihin bukatarsu kafin a kashe kuɗi. Ba shi ke yanke shawara ba. Nasa shi ne ya kama linzamin zance har jama'a su kai ga tasu shawarar. Ga abubuwa huɗu da za mu koya daga gare shi.

Na farko, yakan rubuta tambayar da taron zai amsa, ya aika wa mutane tun da wuri. "Maganar gini" ba tambaya ba ce. "Rufin majami'a za mu fara yi bana, ko ɗakunan ajin yara?" ita ce tambaya.

Na biyu, yakan raba bukata da maganinta. Idan matasa suka ce a sayi janareto, sai ya tambaya, don me? Wataƙila bukatar ita ce haske a lokacin koyon waƙa da dare, abin da fitilun sola za su biya da kuɗi kaɗan.

Na uku, yakan tabbata an ji kowa. A al'adarmu, da zarar babba ya yi magana, ƙarami yakan yi shiru, mata kuma su sunkuyar da kai. Saboda haka mu fara jin ƙanana, ko mu raba mutane uku-uku su tattauna, shugaba kuma ya riƙe ra'ayinsa sai ƙarshe. Idan fasto ya fara faɗin nasa, taron ya ƙare ke nan.

Na huɗu, yakan tsare lokaci. A 1957 marubucin nan na Ingila, Northcote Parkinson, ya nuna yadda kwamiti kan amince da aiki mai tsada cikin 'yan mintoci, sa'an nan ya daɗe yana gardama kan rumfar ajiye kekuna, don ita ce kowa ya gane. Mu ma mukan wuce kasafin shekara da sauri, mu kwana kan launin ashobi. Sai mu sa babbar magana a farko, mu yanka wa kowace magana lokacinta.

Kafin a tashi, magatakarda ya karanta abin da aka yanke, da wanda zai yi shi, da ranar da zai kawo rahoto. Shawarar da ba a ɗora wa kowa ba, ba ta da mai ita.

Don tattaunawa: Ku tuna da taron ƙarshe da kuka halarta. Wace tambaya ya amsa? Su wane ne ba su buɗe baki ba, kuma me ya hana su?