Takardar Fansa: Yadda Bayi Suka Nemi 'Yanci a Gaban Alƙali

Mutane da yawa suna zaton ran da Turawa suka ci ƙasar nan, ran nan bauta ta ƙare. Wanda ya bi diddigin abin da ya gudana a Lardin Sakkwato, har da ƙasar Gwandu inda Diggi da Kalgo su ke, zai tarar bayi masu yawa da guminsu suka sayi kansu, ɗaya bayan ɗaya, a gaban alƙali.

A shekarar 1901 Gwamna Lugga ya kafa doka wadda ta hana saye da sayar da mutane. Ta kuma ce duk wanda aka haifa daga ran 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, ko da uwarsa baiwa ce. Sakkwato da Gwandu kuwa ba su shiga hannun Turawa ba sai 1903, sa'an nan dokar ta iso mu. Amma fa ba ta umurci iyayengiji su saki waɗanda ke hannunsu ba. Lugga yana tsoron in bayi suka watse gonaki za su mutu, sarakunan da ya ke son yin mulki ta hannunsu su juya masa baya. Saboda haka aka ƙuntata wa mai gudu, ana hana shi gona inda ya sauka. Tawayen Satiru, kusa da Sakkwato, a 1906, wanda gudaddun bayi ke cikinsa, ya daɗa wa Turawa wannan tsoro.

Ƙofar da aka bari a buɗe ita ce fansa. Tun kafin zuwan Turawa akwai murgu, watau bawa ya yi sana'ar kansa, yana biyan ubangijinsa wani abu ƙayyadadde. Yanzu sai aka ba shi iko ya je majalisar alƙali a yanke masa kuɗin fansa. In ya cika biya, a rubuta sunansa cikin littafi, a ba shi takarda. Ku dubi nauyin da ke kansa: ga murgu, ga haraji, ga ciyar da iyali, ga kuɗin fansa da ya ke tarawa kaɗan kaɗan.

Na mata ya fi wuya. Sau da yawa wani namiji ne ke biyan fansar mace don ya aure ta, ta fita daga wannan gida ta shiga wancan. Duk da haka Shari'a ta ba su madogara: ƙwarƙwarar da ta haifa wa ubangijinta ba a sayar da ita, ɗanta ɗa ne, ita ma tana 'yantuwa ran da ya rasu.

Akwai kuma rikicin ranar haihuwa. Mutanenmu na karkara ba su rubuta ta, da manyan aukuwa su ke lissafi. Uwar da ta iya kawo shaidu cewa bayan zuwan Turawa ta haifi ɗanta, to, doka na bayanta. Wadda ta rasa shaidu fa? Sai a 1936 aka kafa dokar da ta 'yanta kowa, shekara 35 bayan ta farko.

Abin da ya sa muka kawo wannan tarihi, littattafan kotu na zamanin nan su ne shaidar waɗannan bayin Allah. Da irinsu, waɗanda aka adana a Kaduna, Lovejoy da Hogendorn suka yi aiki wajen rubuta tarihin mutuwar bauta a Arewa, wanda aka buga a 1993. Ku malaman ofis, tsohon littafin da ku ka gani a ɗakin ajiya gara na ci, ku tsame shi. Ku malaman makaranta kuwa, in kun ji yaro ya gori ɗan'uwansa da asali, ku gaya musu yadda aka biya kuɗin fansa. Mutumin da ya yi shekaru yana noma don ya sayi kansa ya cancanci jikokinsa su ambace shi da girmamawa.